Ledar da Na Ɗaure a Ƙarfen Rumfa

Ni dai wawa ne, gara in faɗa da bakina kafin 'ya'yana su faɗa bayan raina. Aji uku na yi a firamare, nan ma malamin ne ya fara gajiya. Amma duk unguwar Dutse Uku babu wanda ya kai ni iya tsara zance a teburin mai shayi, kuma bakin nan nawa shi ya tashi mutum daga gidan da ya shekara talatin a ciki.

Mutumin maƙwabcina ne, mai gyaran wuta, Kirista, ɗan ƙauyukan bayan Naraguta. Injiniya muke ce masa. Lokacin da garin Jos ya rikice, kowa ya kwashe kaya ya koma cikin mutanensa, shi bai motsa ba. Ya ce ina za shi, bayan duk wayar da ke layin nan shi ya ja ta da hannunsa. Ba shi da shago, ba shi da allon talla. Yardar mutane kawai yake ci da ita: ko maigida ba ya nan, a buɗe masa ƙofa har uwar ɗaki.

Bayan wata Kirsimeti na ci karo da fitilun nan na ado a kasuwar Laranto, ƙanana masu ƙyaftawa, an karya musu farashi. Na kwashi kwali biyar na tura ƙarƙashin gado, don auren autata. Auren kuwa bai tashi zuwa ba sai a watan Agusta, lokacin da ruwan Jos ba ya neman izinin kowa.

Ranar walima da safe na kira Injiniya. Ya juya kwalin, ya nuna mini hoton wani ƙaramin gida da aka zana a gefe.

"Baban amarya, wannan na cikin ɗaki ne. Ba ya son ruwa."

"To ni ina son sa ne? Ai ga shi muna zaune tare."

Bai yi dariya ba, da ma ba ya yi. Ya ce tunda na nace, zai jera su a ƙarƙashin rufin baranda kaɗai. Ya kafe soket ɗin a jikin katako, can sama inda feshi ba ya kaiwa. Ya bar wayar ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau ta shiga soket. Na ce ya ja ta ta miƙe, wannan kamar wandon da ya yi wa mai shi yawa. Ya ce ruwa bin waya yake yi, a gindin lanƙwasar zai ɗige ƙasa ya bar soket a bushe. Da zai tafi ya juyo.

"Kar a kai ko ɗaya rumfa. Ƙarfe ce."

Yana shan kwana na dubi rumfar haya a tsakar gida, inda amarya za ta zauna a yi hotuna, na ga ta yi mini tsirara. Na hau benci, na cire soket ɗin daga katakon, na ja shi har rumfa, na nannaɗe sandunan da fitilu. Kuma kar ku ce ban yi tunanin ruwa ba. Na yi, abin da ya fi ciwo ke nan. Mu a layinmu leda ce maganin komai: ita ce hular ɗan acaba, ita ce jakar wayar hannu in hadari ya taso. Na samo baƙar leda mai kauri, na zura soket ciki, na ɗaure bakinta a jikin wayar da ke saukowa daga sama, sannan na manne ta a sandar rumfa da guntun wayar ƙarfe. Na sauko ina jin da na yi aji huɗu da gwamna zan zama.

Bayan la'asar gari ya yi baƙi ƙirin, na kunna. Mata suka yi guɗa. Ruwa ya sauko har da ƙanƙara, aka cushe a baranda. Ledata kuwa tana can tana yin abin da ledar da bakinta ke kallon sama take yi, ruwa na bin waya yana shiga, babu ta inda zai fita.

Da ya tsagaita, yayar matata, wadda ita ce kan girkin biki, ta fito da tukunyar miya. Santsi ya ɗebe ta, ta kai hannu ta kama sandar rumfar. Ba ta yi ihu ba. Jikinta ya sandare, tukunyar ta kife a ƙafarta, sai da wani cikin surukai ya tunkuɗe ta da kujerar roba. Ana ta kanta, ni kuma na lallaɓa na kashe wutar gidan, na tsinke ledar, na jefa ta bayan katanga. Da nauyinta na jefa ta, kamar ledar koko.

Ta rayu. Yatsu biyu na hannun damanta ba su sake miƙewa ba, ita da ke yanka albasa tana hira ba ta duba wuƙa.

A ƙofar asibiti wani ya tambaya wa ya haɗa wutar. Na ce Injiniya. Ban yi ƙarya ba, kalma ɗaya na faɗa na yi shiru.

Da na tsaya a shirun ma da sauƙi. Washegari a wajen mai shayi aka saki zancen, ni kuma ba na iya ganin taro in bar shi ba dariya. Na ce Injiniya ya tsufa, yanzu in ya haɗa maka wuta sai ka bar wasiyya kafin ka kunna. Na kwaikwayi tafiyarsa, na kwaikwayi yadda yake leƙa waya ta saman tabarau. Har mai shayi ya zubar da madara don dariya. Wani daga ƙarshen benci ya ce a hankali, wa ya sani ko da gangan ne, gidan biki cike da mutanenmu. Na ji shi sarai. Na kurɓi shayina.

Daga nan ba a sake kiransa ba. Matan da ke buɗe masa uwar ɗaki suka koma leƙe ta ramin ƙofa. Bai taɓa zuwa ya tuhume ni ba. Kullum da safe zai gaishe ni ta kan katanga, "Baban amarya, ya mai jiki?" in ce da sauƙi, in shige.

Kafin damina ta zagayo ya sayar da gidan. Ranar tashi na fita taya shi ɗora kaya a mota, don a gani. Na ɗauki akwatin kayan aikinsa, ya karɓe daga hannuna, ya buɗe. A saman filaya da salatif ga baƙar ledar nan a ninke, guntun wayar ƙarfen na nan a wuyanta. Ashe bayan katangata tsakar gidansa ne, abin da ban tuna ba ranar. Ya miƙo mini ita, ba wanda ya lura.

"Ajiyarka. In za ka sake, Baban amarya, bakin ya kalli ƙasa."