Giɓin Abokina Dillalin Shanu

Shekarun baya, bayan soja sun koma bariki farar hula sun ɗan zauna a kan mulki, wani bijimi ya kai wa abokina karo a karar Wudil ranar wata Juma'a. Allah ya taƙaita, ƙahon bai samu ido ba, haƙorinsa ɗaya na gaba ya ɗauke. Abokin nan nawa dillalin shanu ne, tun muna makarantar allo muke tare.

Da a ce manomi ne, da giɓi bai dame shi ba. To amma aikinsa ke nan kullum: ya kama bakin sa, ya buɗe, ya duba haƙora, ya faɗa wa mai saye shekarun dabbar. Sai abokan wasa suka samu abin yi. Da zarar ya kai hannu bakin sa, sai wani ya ɗaga murya: "Dillali, buɗe naka tukuna mu ga ko ka isa yanka!" Mutum mai fara'a ya koma magana da hannu a baki, har ya fara fashin kasuwa, masu shanun da suka saba da shi suka soma bin wasu dillalan. Ya sa haƙorin roba, ranar nan yana tsakiyar ciniki ya faɗo cikin kashin shanu. Bai sake mayar da shi ba.

Akwai wani malamin jami'a, Kirista, mutumin Filato, da yake sayen rago a hannunsa duk ƙarshen shekara. Shi ya nuna masa nasa haƙorin, ya ce dashe ne: ƙusa ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi, in ta kama sai a ɗora haƙori a kai. Ya kwatanta masa wata likita a Kano, ya ce amma sai ta duba lafiyar mutum kafin ta yarda.

Wannan kalmar ta dubawa ita ta tayar wa abokina da hankali. Dama an taɓa gaya masa yana da ciwon suga, ya ɗan sha magani ya watsar, kuma a lokacin ya rame. A wurinsa, dabbar da ta rame ba a kai ta gaban mai saye sai an turke ta. Sai ya turke kansa. Safe shayi mai kauri da burodi, rana fura da nono an zuba sukari har cokali ya tsaya, yamma rake. Na tambaye shi wannan hidimar fa, ya ce, "Malam, kai karatu ka sani, ni na san kasuwa. Ba zan je gaban likita ƙasusuwa a waje ba."

Ni na raka shi. Likitar ta gaishe mu a mutunce, ta duba bakinsa, ta sa aka ɗauki hoton ƙashi aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, me kake ci kwanan nan?"

Ya jera mata, da alfaharinsa.

Ta ce, "Ikon Allah ne ya kawo ka nan da ƙafarka. Ƙashinka mai kyau ne, amma ba zan taɓa bakin nan yanzu ba."

Ta yi mana bayani a tsanake. Mai suga da bai daidaita ba, rauninsa ba ya warkewa da wuri, ƙusar ba za ta kama ba, sai dai wurin ya ruɓe. Ga dasashinsa yana jini, sai an yi maganinsa. Ga sigari, wadda ba ta tambaya ba, a leɓensa ta gani. Ta ce ba tsufa ne ke hana dashe ba, ta yi wa waɗanda suka girme shi. Yaro ne ma ba a yi wa sai ƙashinsa ya gama girma.

Jin haka ni ma na gyara zama. Ba na shan taba, ba ni da suga, ga asuwaki a aljihu, ga haƙorin turmi ɗaya da na rasa tun zamanin soja. Na ce, "Likita, ni fa?" Ta leƙa, aka ɗauki hoto, ta ce wurin ya daɗe babu haƙori, ƙashin ya zaizaye, babu inda ƙusa za ta tsaya sai an yi wani aikin ciko. Abokina ya yi dariya har ya manta da rufe baki. Ya ce, "Malam, ashe kai ma ba ka shiga ciniki ba."

Ta rubuta masa ka'idoji da boko, na juya masa su da ajami don ya riƙa karantawa da kansa, ta kuma tura shi wurin likitan suga. Muka kamo hanyar gida a mota har muka hango gadar Wudil. Ya ce, "Wato duk furar nan asara na yi."

Barin sukari bai ba shi wuya kamar barin sigari ba. Ya bari ya koma, ya bari ya koma. Da muka je karo na biyu suga ya sauka, amma likitar ta sansano warin taba ta ce a'a. Azumi ne ya taimake shi. Ya ce tunda ya iya haƙura daga asuba zuwa magariba saboda Allah, sauran ma zai iya. Bayan Babbar Salla aka kafa ƙusar, aka jira wasu watanni ta kama, sannan aka ɗora haƙorin.

Ranar da ya koma kara da haƙorinsa na bi shi don in ga yadda za a yi. Babu wanda ya lura. Ya yi ta washe baki a kan maganar da ba ta dariya ba, har wani Bafulatani ya ce, "Dillali, lafiya dai ko?" Ciniki ya ci gaba kamar ba a taɓa yin komai ba, shi kuwa ya dawo gida yana mita.

Idan na tuna yanzu, likitar nake yi wa addu'a. Da ta biye wa gaggawarmu ta kafa ƙusar ran farko, da mun fito muna sa mata albarka, abin da zai biyo baya kuwa Allah kaɗai ya sani. Sau biyu ta ce da dattijo a'a, idonta cikin nasa. Abokina yana nan da ransa, siriri kamar sanda, yana gaisawa da jama'a baki buɗe. Ni kuma har yau da ɓangare ɗaya nake tauna nama, alhamdu lillahi.