Rijiyoyin Badaguishiri a Tafin Hannu

Sati uku na yi a kwarin Badaguishiri ina leƙa rijiyoyin masu lambu. In zura igiya in auna zurfi, in tambayi mai rijiya watan da take ƙafewa, in rubuta. Ba a takarda ba. A shekarar ne porjen, wato shirin raya karkara, da nake wa aiki ya raba mana wata 'yar na'ura mai faɗin tafin hannu, ana rubutu a fuskarta da tsinken roba. Mu muka raɗa mata suna allo. Da abin da ke cikinsa za a zaɓi rijiyoyin da za a ɗaure da siminti, shi ya sa masu albasa suka riƙa bina da tabarma da hura kamar wani ango.

Allon nan yana da mugun hali guda: in batir ya mutu murus, duk abin da aka rubuta ya bi shi. Waya ɗaya ce ke ba shi wuta, ita ce kuma ke juye aikin cikin kwamfuta. Ranar da zan taso na tarar ɓera ya raba ta biyu. Akwai kilishi a cikin jakar, ko sansana shi bai yi ba. Har yau ban yafe wa ɓeran nan ba.

Na iso buronmu, wato ofishinmu na Konni, da hantsi, batir bai kai rabi ba. Abokin aikina wani Bazabarme ne da aka turo daga Dosso. Ya taɓa yin kwas na kwana uku a Yamai, tun daga nan yake ɗaukar kwamfutar cinyar buro kamar jaririn da ya haifa. Ya ce in kwantar da hankalina, allo da kwamfuta suna iya magana ta iska, kai tsaye, ba waya ba wani akwati a tsakani. Ya yi 'yan danne-danne, suka ga juna. Wani koren layi ya fara rarrafe a fuskar kwamfuta. Ya ce kwata ɗaya, minti goma sha biyar, kawai layin yake buƙata ya kai ƙarshe.

To, wanda ya yi sati uku a ƙauye, dole a zo yi masa barka da dawowa. Tsohon mai gadinmu ne ya fara shigowa. Na ajiye allo na miƙe, muka gaisa: ina gajiya, ina aiki, ya mutanen can, ya ƙafar da ke ciwo. Da na waiwaya, layin ya tsaya cik. Haɗin ya yanke, kuma in ya yanke sai an koma daga farko.

Abokina ya ce nisa ne. Muka matso da allo kusa da kwamfuta har suna gogar juna. Shofer, direbanmu, ya shigo gaisuwa, haɗin ya yanke. Ya ce rufin kwano ne, muka kwashi teburi zuwa gindin dalbejiya. Ya ce fanka ce, na tuna masa a waje muke. Ya sauya tasha, ya kashe ya kunna, ya hura wa kwamfuta iska da baki. Daga baya ya nuna kudu da haɓa ya ce eriyar da ke tsallaken iyaka ce ke cinye mana iska. Duk wannan abu, batir na ta tsiyaya kamar tulu mai tsaga.

A yankewa ta biyar ya jawo ni gefe. Ya ce shi fa mutumin kimiyya ne, amma ya lura sau uku mai gadi na wurin, kuma tsohon yana da layu a damtse. Ina jin kunyar faɗi, amma na yarda. Na daka wa dattijon tsawa, na ce ya koma bakin ƙofa, kada ya sake matsowa.

Bai motsa ba. Ya dube ni ya ce, “Mushe, layuna na ciwon baya na. Ni dai abin da nig gani, in ka aje abin ga ka miƙo hannu, kahin mu kai ga tambayar iyali huskatai ta dushe. Kwana shi ka yi.”

Na ajiye allo, na zuba wa agogo ido. Minti biyu cif, fuskarsa ta yi duhu, layin ya tsaya. Ashe in ba a taɓa shi ba barci yake yi don tattalin batir, in ya yi barci kuma ya saki kwamfuta. Wanda ya ƙera shi bai san akwai garin da gaisuwa ke wuce minti biyu ba. Wurin da ake gyara wannan kuwa an kulle shi da lambar sirri tun daga Yamai. Na ba tsohon haƙuri, ya karɓa da ƙyar.

Alamar batir ta koma ja. Gwaji ɗaya ya rage mana. Muka koma ciki, na zauna ina ƙwanƙwasa fuskar allo da tsinke, abokina ya tsaya a ƙofa yana korar baƙi. Layi ya wuce rabi, sai na ji sallama da muryar da na sani tun ina cikin tsumman goyo. Kawuna ne daga Tsarnawa, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni har na gama lakwal, makarantar boko. Abokina ya buɗe baki zai yi bayani, kawu ya damƙa masa zakaran da ya kawo mini a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ya wuce.

Na durƙusa, allo a hagu, tsinke a dama, ina cewa sannu da zuwa ina ƙwas-ƙwas. Ya tsaya a kaina, hannunsa a miƙe, ba wanda ya karɓa.

“Wagga wace irin gaisuwa ta?”

Na gaya masa gaskiya a gurguje: rijiyoyin mutane ne a ciki, in na saki sun tafi.

“Rijiyoyi? Cikin abin ga?” Ya ja kujera ya zauna. “Kawo in riƙe ma. Kai ko ka gaishe ni yadda aka koya maka.”

Ya ɗora allon a gwiwa, ya kama tsinke da hagu, ya ba ni dama. Na riƙe ta da hannu biyu. Ina kwana, kawu? Lahiya lau, ƙwas. Ina gajiya? Babu gajiya, ƙwas. Ya gida, ya inna, ya bisashe? Kowace amsa da ƙwas ɗinta, fuskarsa a murtuke kamar mai shuka a gonar wani. Ta gefen ido na ga koren layin ya cika, kwamfuta ta yi ɗan kuka. Abokina ya yi kabbara a ƙofa, zakara ya taya shi.

Ban tashi ba, ban kuma ce wa kawu ya daina ba. Daɗi ne ya kama ni, har da ƙwalla. Rabon da in gaishe shi a natse an fi shekara, kullum ina saurin aiki. Na bi mutanen Tsarnawa gida-gida da baki ina tambayar lafiyarsu, yana amsawa yana ƙwanƙwasawa, har fuskar allon ta yi baƙi ƙirin a gwiwarsa.

Ya firgita ya ɗaga tsinken. “Subhanallahi! Ni nik kashe shi?”

Na ce, “A'a kawu, rijiyoyin sun haye. Saura gidan liman ban tambaya ba.”