Dattijon da Ya Shiga Kejin Kare

A shekarata ta uku a Riyad na koma tuƙa wani likita Balarabe da ke zaune a unguwar Ulaya, wanda kowa ke kira Duktur. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya jarrabe shi da son karnuka. Yana da wata karya da ya taho da ita daga Turai, irin da suke kira wifet: ƙafafu kamar tsinken tsire, ciki a ɗame, ka rantse ta shekara ba ta ga abinci ba. Da ita yake shiga gasar kyawun karnuka da ake yi can gabas, wajen Dammam, tafiyar awa huɗu. Shi yakan riga mu a jirgi, ni in bi da ita a mota.

Sau biyu ina kai ta, sau biyu tana sauka a galabaice, ta yi amai, jiki na ɓari. Ko filin gasar ba ta iya shiga ba. A karo na biyu Duktur bai ɗaga murya ba. Ya dai ce in je in zaɓo sabon keji, duk wanda na ga dama, amma idan ta sake isa a haka zai nemi wani direba. Shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a ƙasar, takardar zamana a hannunsa take. Wani direba kuwa yana nufin ni da jirgin Kano.

Haushi ya cika ni. Shekara goma sha biyu ina jan tasi a Kano, ko akuya ban taɓa bugewa ba, yau kare ne zai raba ni da abincina? Na shiga shago na nuna keji mafi girma, na ƙarfe, wanda ko rago zai yi juyi a ciki. A ganina wanda aka ba fili ba shi da ta cewa.

Mai gadin benen da muke haya a unguwar Malaz wani dattijo ne ɗan Maraɗi, ƙaramin jiki, ba ya son yawan magana. Baba muke ce masa. Mahaifinsa mafarauci ne, cikin karnuka ya tashi, abin da ban sani ba sai ranar. Ya leƙa bayan motar, ya ji labarina, ya girgiza kai.

"Wa ya ce maka ɗaki take so? In ka taka burki, mi za ya tare ta cikin wanga fili?"

Kafin in ba shi amsa ya cire hularsa ya miƙo mini, ya tattare riga, ya fara hawa.

"Haba Baba, wurin kare ne fa!"

"Ba sabon keji ba ne? Rufe, ka tuƙa yadda ka saba."

Tsakar rana ce, zafi kamar me. Na ja mu daga Malaz zuwa unguwar Batha, ina jin ƙarar gwiwa da kafaɗa suna bugun ƙarfe, kunya kamar in nutse. Da na tsaya na buɗe, ya fito jage-jage da gumi, goshi ya yi ƙulu, amma ko tsaki bai yi ba. Ya ce ƙarfen ƙasa ya ɗauki zafi kamar tanda. Ya ce sanyin motar ba ya kaiwa can baya, rana kuma ta gilashi take dukan mai kwance. Sannan ya nuna ƙafata.

"Babban ciwon ga shi nan, ɗana. Kana taka burki kamar mai kashe kunama."

Wallahi maganar ta sosa ni, amma wanda goshinsa ya kumbura dominka ba ka yi masa musu.

Washegari na kawo masa karyar. Ya tsuguna, ya miƙa mata bayan hannu ta shinshina, ya yi mata wani ɗan fito a hankali, sai ga ta ta ɗora haɓa a gwiwarsa. Da taƙin hannu ya auna ta, daga hanci zuwa gindin wutsiya, daga ƙasa zuwa ka. Muka mayar da na ƙarfen, ya zaɓi na roba mai huji ta kowane gefe, daidai ta miƙe, ta juya, ta kwanta, ba ƙari. Ya sa na kwantar da kujerar baya, muka matso da kejin inda sanyi ke busowa, muka ɗaure shi tamau. Ya shimfiɗa bargo, ya ce in roƙo tsohuwar rigar Duktur wadda ba a wanke ba a sa mata a ciki.

Saura ƙafata. Kwana uku bayan la'asar yana kwanciya a gefen kejin muna zagaya unguwa. Da na fizgi mota sai in ji daga baya, "Ta yi amai." In sake, ya sake. A rana ta uku na ji shiru ya yi yawa, na duba madubi, ashe barci ya kwashe shi. Ban taɓa jin daɗin minsharin wani ba sai ranar.

Ranar gasa, da na buɗe kejin a Dammam, karyar ta yi miƙa, ta yi hamma, ta diro tana kaɗa wutsiya. Ba ta zo ta ɗaya ba, amma ta zaga filin da kai a sama. Duktur ya dafa kafaɗata ya ce, "Halas, magana ta ƙare, kai ne direbanta."

Na dawo da murnata na sami Baba a kan bencinsa. Bai tambayi gasar ba.

"Ta yi barci a hanya?"

"Ta yi, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ka gode mata. Dabba ba ta san kara ba, abin da ta ji shi take nunawa. Mutane ne ke sauka da jiri su ce maka sannu da aiki."

Nan take mahaifiyata ta faɗo mini. Duk lokacin da na kai ta ƙauye a tasi, takan riƙe kujera da hannu biyu, in ta sauka ta daɗe zaune a inuwa kafin ta shiga gida. Ni kuwa in ce hawan jini ne. Na kira ta a ranar, muka gaisa, na daure na tambaye ta ko tuƙina ne ke sa ta jiri. Ta yi dariya har da tari.

"To wa zan gaya wa? Kai kana ta murna da motarka."