Ƙwaya Nawa Baba Ya Sha?

Na yi shekaru ina kai da komo tsakanin Kano da Guangzhou, na ga abubuwa iri-iri, yawancinsu ma na manta. Amma akwai wani yini a shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik wanda ba na jin zai fita daga kaina har in koma ga Allah. Ranar aka jingina ran mutum a kan kalmomi biyu na wani yare da ban san ko gaisuwarsa ba, kuma ni aka ce in raba gardama.

A lokacin kayan keken ɗinki nake sarowa, allurai da bel da ƙananan ƙarafa. Ina sauka a wani ɗan otal da ke bayan titin Liuhua, kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekarar an tsaurara biza saboda wasannin, ni kaina da ƙyar na samu, sai otal ɗin da ya saba cika da 'yan kasuwa ya zama wayam. Da safe a ɗakin cin abinci mu biyu ne kawai, ni da wani dattijon Bature dogo mai furfura, wanda ke sayen kayan gyaran keke. Ya ce daga Lituweniya yake. Ban taɓa jin sunan ƙasar ba, sai da ya tsoma yatsa a shayi ya zana mini ita a kan tebur, ga Rasha can, ga teku nan. Turancinsa a karye yake kamar nawa, wannan ya sa muka saba da wuri. Ina ce masa Baba, shi kuma yana kirana Kano. Duk ranar da ƙasarsu ke buga ƙwallon kwando sai ya ja ni gaban talabijin, yana ihu ni ina taya shi, ba tare da na san dokar wasan ba.

Ranar da abin ya faru an yi irin zafin nan na garin mai ɗauke numfashi, wanda riga ke manne wa mutum a jiki. Na dawo daga kasuwa bayan azahar, sai na tarar da Baba zaune a kan matakala, rigarsa sharkaf, fuskarsa kamar toka. A hannunsa akwai wata 'yar robar magani a buɗe. Matar da ke karɓar baƙi tana tsaye a kansa tana ta magana da Sinanci. Na durƙusa na ce, "Baba, lafiya?" Ya dube ni ya amsa, amma da yarensu. Na sake yi masa Turanci a hankali, ya sake mayar mini da yarensu. Ɗan Turancin nan da muke lallaɓawa da shi ya gudu ƙaf.

Mutumin da ya faɗo mini a rai shi ne Alhajin da ke yi mini lodin kaya ta tashar jiragen ruwa ta Nansha, mutumin zangon Kumasi, wanda ya daɗe a garin har Sinanci ya zauna a bakinsa. Na kira shi, bai ɓata lokaci ba ya zo, muka cicciɓi Baba muka sa a tasi sai asibiti.

Likitar mace ce, mai saurin magana. Ta gwada jininsa, ta karanta jikin robar, ta faɗa wa Alhaji wani abu. Alhaji ya juyo ya ce, "Ɗan'uwa, maganin hawan jini ne, kuma jinin nasa ya yi ƙasa sosai. Abu biyu take son sani. Ƙwaya nawa ya sha yau, kuma kwana nawa ya yi ba lafiya. In ya sha da yawa, yanzu za su wanke masa ciki."

Haka tambayar ta bi layi, daga likita zuwa Alhaji, daga Alhaji zuwa gare ni, ni kuma na sunkuya daidai bakin Baba. Na ɗaga robar, na kai hannu baki, na shiga lanƙwasa yatsu. Ya motsa leɓe ya faɗi wata kalma. Na nuna masa kalandar da ke bango, na bi kwanakin da yatsa, na dafe kai kamar mai jiri. Ya faɗi wata kalmar. Ban gamsu ba na koma kan robar, na dawo kan kalanda, na sake komawa, shi kuma yana ta maimaita kalmomin cikin maƙoshi. Ɗaya gajera ce, “kelias”. Ɗayar doguwa, “keliolika”. Farkonsu iri ɗaya. Yatsu kuwa ko ɗaya bai ɗaga ba. Daga nan idonsa ya rufe, aka sa masa ƙarin ruwa.

Wata nas ta kai mu gaban kwamfutarta, ta nemo ƙamus na yarensu. Muka rubuta gajerar kalmar yadda muka ji ta. Sai ga fassara, wai “hanya”.

Muka dubi juna. Alhaji ya ce, "To ai ga shi. A hanya ya sha maganin."

Na ce, "Anya, Alhaji? Ko dai cewa yake a ba shi hanya, gida yake so?"

Muka cire harafi ɗaya ko mun yi kuskure, sai ƙamus ya ce “gwiwa”. Wallahi sai da nas ɗin nan ta je ta naɗe wa Baba wando ta duba gwiwoyinsa duka biyu, ba ko ƙwarzane. Doguwar kalmar kuwa duk yadda muka juya rubutunta ba ta fito ba. Yanzu in na tuna nakan yi dariya, amma a lokacin ba abin dariya ba ne, don likitar ta leƙo har sau biyu tana buga agogon hannunta da yatsa.

Can dabara ta zo mini, na laluba aljihun Baba na ciro wayarsa, na kira lambar da ya fi kira. Sai da na yi ta kira kafin wata mace ta ɗauka. 'Yarsa ce, tana wurin aiki, kuma Allah ya taimake mu tana jin Turanci fiye da ni. Na ji muryarta ta karye da na gaya mata inda muke, amma ta daure ta saurare ni.

Ta ce ba hanya yake nufi ba. A yarensu akwai kalmar da ake faɗa in abu bai kai goma ba kuma mutum bai san adadinsa ba, tana sauya kama gwargwadon abin da ake magana a kai, shi ya sa wani lokaci take yin daidai da kalmar hanya, wani lokaci da ta gwiwa. Ita ce gajerar. Doguwar kuma ta abin da ya wuce goma ne amma bai kai ashirin ba. Ta ce akwai ma ta uku, ta gomomi da yawa. Sannan ta yi mini tambayar da har yau nake ji a kunnena: "Wacce ya faɗa a kan maganin, wacce a kan kwanakin?"

Na maimaita wa Alhaji tambayar.

Alhaji ya ce, "Doguwar ce ta magani. Ina tsaye na ji."

Na ce, "Ni kuwa kamar gajerar na ji."

"Kamar, ko kuwa ka ji?"

Na rufe ido na sake jero abin a kaina. Na ga robar, na ga kalandar, na ga leɓen Baba yana motsi, amma duk lokacin da na ɗora kalma a kan ɗaya sai ta zame ta koma kan ɗayan. In ƙwaya 'yan kaɗan ya sha, an wahalar da tsoho a banza da tiyo a maƙogwaro. In goma sha ya sha muka ce kaɗan, ƙila mu kashe shi. Likitar ta tsaya a gabana tana kallona, don ni ne kunnena ke kusa da bakinsa.

Alhaji ya zungure ni ya ce, "Faɗi wani abu mana, ɗan'uwa, jira take."

Na ce, "Alhaji, gaya mata ban sani ba. Gaya mata ko dai ƙasa da goma, ko dai goma sha wani abu, kuma mu biyun ba mu daidaita ba."

Ya gaya mata. Ta ce to za ta ɗauki mafi munin, 'yar ta amince ta waya, aka tura gadonsa ciki don a wanke masa cikin. Na samu wani lungu a baranda na shimfiɗa kwali na ta da la'asar. Ban san raka'a nawa na yi ba, sai da na sake sallar.

Washegari da hantsi na koma na tarar da Baba ido biyu, muryarsa a dashe, Turancinsa ya dawo. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ashe kwana goma sha ya yi yana jin jiri saboda zafi, ya zaci jininsa ne ya hau, sai ya riƙa ƙara wa kansa magani. Ranar kuwa 'yan kaɗan ya sha. Kunnena ne ya ji daidai, amma ban ji wani daɗi ba, don likitar ta ce a yadda jikinsa ya bushe ko kaɗan ɗin ma sun isa su kai shi ƙasa.

Na ce, "To Baba, tsakani da Allah, guda nawa ne?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kelias." Shi kansa bai sani ba.

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce wane irin yare ne wannan, a tambayi mutum nawa ya ƙi faɗin lamba? Ya ce ku ba ku da irinta? Na ce mu kai tsaye muke magana. Alhaji da ke bakin ƙofa ya tuntsire da dariya ya ce da Hausa, "Kai da ka ce mini kwana biyu za ka yi a garin nan, yau watanka nawa?" Sai na tuna 'yan kaɗan, da ɗan dama, da goma sha wani abu wadda ni da bakina na faɗa jiya ban lura ba.

Da aka sallame shi 'yarsa ta matsa ya koma gida, na raka shi har filin jirgi. Ba mu sake haɗuwa ba.

Abin da na koya ranar bai tsaya a China ba. Bayan wasu shekaru na kai mahaifiyata asibiti a Kano, likita ya tambaye ta tun yaushe ƙirjin ke mata ciwo, ta ce, "Ai an kwana biyu." Ya sunkuya zai rubuta. Na ce ya dakata. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, kafin azumi ne ko bayan azumi?" Ta yi tunani ta ce tun kafin azumin bara ne. Likitan ya ajiye biro ya sake duba ta tun daga farko. Tun daga lokacin Baba, in aka ce mini kaɗan a wurin da lafiya take, sai na tambaya kaɗan ɗin nawa ne. In kuma ni aka tambaya ban tabbata ba, nakan ce ban sani ba, ko da ana jirana.