Inda Ƙofar Rumfa Za Ta Kalla

Da asuba na same ta a tsakar gida da bokiti a hannu, tana sheƙa ruwa a ƙasa. Ba shara za ta yi ba, kuma babu shuka a wurin. Ta zuba ta tsaya tana kallo, ta matsa gaba ta sake zubawa.

Na ce, "Yaya, ƙasar ce ta ce miki tana jin ƙishirwa?"

"Matsa, Auta, ka tare mini hanya. So nake in ga inda ruwa ke son bi kafin ka zo ka shirga mini taka."

Matar yayana ce, Allah ya jiƙansa. Duk unguwa Mai Kujeru ake ce mata. Ni magini ne, furfurata a kan siminti ta fito, amma a bakinta har yau Auta nake. In kuwa na ji ta ce "Magini", to akwai magana.

Sana'ar tata ba nemanta ta yi ba. Da yayana ya rasu, kujerun da aka aro wa masu gaisuwa rabinsu guragu ne. Wani dattijo ya zauna, sai ga shi a ƙasa, hula a gefe. Ranar ta aike ni kasuwa na sayo sababbi na roba. Da jama'a suka watse, kujeru suka rage. Maƙwabciya ta ara, wata ma ta ara, ta uku ta dawo da guda biyu a karye tana cewa haka ta gan su. Daga nan Yaya ta ce aro ya ƙare, sai haya. Da kujerun nan ta riƙe 'ya'yanta har suka kama gabansu. Duk wanda ya bar gida kuwa, kafin ƙurar motarsa ta kwanta kujeru sun gaje ɗakinsa. Falo kujeru, baranda kujeru, ƙarƙashin gadonta ƙarafan tanti. A cikin gidanta da gefe take tafiya, kamar mai wucewa tsakanin motoci.

Ba ƙuncin ne ya dame ta ba, ta saba. Mahaifiyarta ce, Inna. Tsohuwar tana zaune ita kaɗai a tsohon gidansu, kuma bara ta zame a banɗaki, ta daɗe a kwance kafin a ji ta. 'Ya'yanta suka yanke cewa ba za ta sake yin damina ita kaɗai ba. Babban wansu, wanda kowa ke kira Babban Yaya, ya ce ya ɗauke ta. Gidansa can wani gari ne mai nisa, a saman bene. Mai Kujeru ta san in aka hau da Inna benen nan, ganinta sai shekara shekara. Ta ce a kawo mata ita.

Ya ce mata ta waya, ina jinsa don ya iya ɗaga murya, "A ina za ki ajiye ta? A kan kujera ta nawa? Ki nuna mini ɗaki fanko kafin ruwa ya sauka. In babu, mota zan turo."

Babban Yaya ba mugu ba ne. Shi dai duk aikinsa a waya yake yinsa. Na taɓa jin ya gina katanga gaba ɗaya da baki, har da fenti.

Na ce mata in ɗora mata sito da bulo. Ta dubi sama ta ce ba lokaci, ta ji ana sayar da rumfar ƙarfe a kwance, ginshiƙai da kwano da notina duk a ɗaure, a kawo a haɗa. Nawa aikin shi ne daɓen kankaren da za ta zauna a kai.

Ranar da za mu je dubawa na zo na tarar ta ɗauko hayar a-kori-kura, an ɗora tulin kujeru guda, dogo ya fi ni tsawo, da baronta.

"Biki za mu?"

"Awo za mu. In za ka sayi takalmi, a gida kake barin ƙafarka?"

Mai sayar da rumfunan ya kafa samfuri uku a filinsa: ƙarama, matsakaiciya, da wata doguwa. Bakinsa kamar rediyo. Wannan ba ta tsatsa, wannan iska ba ta ɗaga ta, wannan wani babban mutum ya sayi biyu. Yaya ta wuce shi. Ta bi jikin kwanon tana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana. Na ƙaramar ya yi kuka kamar gwangwani, ta wuce. Ta jingina da ginshiƙin matsakaiciyar ta tura da kafaɗa, bai motsa ba, ta gyaɗa kai. Sannan ta sa na ɗora tulin kujerun a baro na tura ta ƙofa. Garam! Ta saman ta daki goshin ƙofar, tulin ya yi baya, saura kaɗan ya rufe ni.

Mai rumfa ya ce, "Ai Hajiya sai a rage biyu a sama."

"Kullum? Safe da yamma, har in mutu? Kai za ka riƙa zuwa kana ragewa?"

Doguwar ta ɗauka, mai ƙofar da ake turawa gefe, don ta ce ƙyaure mai buɗewa waje cin fili yake yi, iska kuma ta mai da shi abin wasa. Ni abu ɗaya na roƙa: takardar awon gindinta, mai nuna inda kowane ginshiƙi zai tsaya. Na sha ganin wanda ya zuba daɓe da ka, kaya suka iso, ƙafa ɗaya ta sauka a kan ƙasa.

Ruwan bokitin nan ya nuna mana kusurwar da ke tara ruwa, muka kauce mata. Na kafa turaku na ja igiya. Ƙofa tana kallon ƙofar gida, baro ya shigo kai tsaye, ya wuce ta gaban tagar ɗakin da za a ba Inna, ya hau ɗan gangare ya shige. Na haƙa, na zuba tsakuwa na daddaɓe, na kafa katako. Na gaya mata gaskiya: "Ki duba da kyau. Notinan da za su riƙe ginshiƙai a cikin kankare zan dasa su. Siminti ba ya jin a yi haƙuri. Tun ran gini ran zane."

Ta kuwa duba. Ta mai da cikin katakon nan rumfa tun babu rumfa. Ta jera kujeru a ciki, ta bar hanya a tsakiya, tana shiga tana fita ta inda ƙofa za ta kasance. Na taɓa tsallaka katako ta gefe, ta ce, "Ta bango ka shigo, ɓarawo ne kai?"

Wata safiya ana dawo da kujeru daga wani taro, ita tana cikin ɗakin Inna tana share yana. Ta fito fuska a ɗaure.

"Magini."

Na ajiye shebur.

"Ka ji ƙarar nan? Baro ƙiii, kujeru garau garau, mutane suna ihu, duk a gindin tagarta. Tsohuwa za ta yi barci a haka? Juya ƙofar ta kalli katangar baya. Baro ya zagaya."

"Yaya, rumfar nan doguwa ce. In ƙofa ta juya, daɓe duka ya juya. Haƙa sabo, tsakuwa sabuwa."

"To bakinka ne zai haƙa?"

Bayana ya riga ya saba da ita. Na cire katako, na sake ja, na sake haƙa. Na shimfiɗa leda don damshi, na ɗaure rodi. Aka sauke yashi da siminti a ƙofar gida, na gaya wa leburori su zo washegari da sassafe.

Da la'asar ɗin ranar sai ga mota. Babban Yaya ne ya kawo Inna ta ga wuri, shi kuma ya ga ko ɗaki ya samu. Ya fito waya a kunne. Inna ta fito da sandarta, 'yar ƙarama, ido kamar na shaho. An kwashe kujerun ɗakin an tara a tsakar gida, ɗaki ya yi fes, har da sabon labule. Ta shiga ta zauna a bakin gado, ta ɗaga labulen da kan sanda.

"Wancan ramin fa?"

Mai Kujeru ta ce, "Nan rumfar kujeru za ta zauna, Inna."

"Ina ƙofarta?"

"Can baya. Na juya ta don kada a dame ki. Ba za ki ji motsin kowa ba."

"To ni me zan riƙa kallo ta nan?"

Ni na amsa, tunda ni na san zanen: "Kwano, Inna."

Ta sauke labulen. Ta ce, "Shiru na baro a gida. Shirun ne ya bar ni a kwance a banɗaki ina kiran mutane ba mai ji. Yanzu ki kawo ni ki jingina ni da kwano? Gara benen wancan, ko ba komai na ga motoci ta sama."

Babban Yaya ya sauke waya daga kunne. "Kin ji ko? Ni ban ce komai ba."

Na dubi Yaya. Na san ta da amsa a kan harshe, ko mai rumfa ya shaida. Sai kawai ta juya. Ta fita tsakar gida, ta ɗauki gudumata, ta je kusurwar farko ta buge turken har ya yi sako-sako, ta tuge shi ta yar. Ta nufi na biyu.

Na ce, "Yaya, gobe fa za a zuba."

"Goben za a zuba. Kawo igiya, Auta."

Inna ta leƙo ta taga tana nuni da sanda. "Ta kalli nan. Kuma ku bar mini wurin zama a gabanta, ba na son ƙasa, tururuwa."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ƙara faɗin daɓen ta wajen taga, daidai kujera da miƙe ƙafa, inda inuwar rumfar za ta faɗo da rana. Tsohon ramin da na cike yana nan da laushinsa, haƙarsa ba ta yi wuya ba, sai dai rodin da na ɗaure sai da na kwance shi ɗaya bayan ɗaya. Igiya tana son mutum biyu, Yaya kuma tana jan katako. Na miƙa wa Babban Yaya bakin igiyar ba tare da na tambaye shi ba. Ya dube ta, ya dubi takalminsa, ya cusa waya a aljihu ya riƙe. Ta yi ta ƙara a aljihun, bai ɗauka ba. Na ce masa ja, ya ja. Ya iya riƙe igiya, wannan zan faɗa a ko'ina.

Washegari muka zuba. Na dasa notina bisa takarda, na ba gangaren ƙofa sulɓin da baro zai hau ba gardama, na karkata bakin daɓen kaɗan don ruwa ya gudu waje. Inna, wadda ta ce kwana ɗaya za ta yi, ta fito ta caka sandarta a kusurwa ta ji ko ya yi tauri. Ramin yana nan har yau. Da na ɗauko cokalin gini zan shafe, na ji ƙuguna ya ce a'a.

Babban Yaya ya koma shi kaɗai. Ya ce zai turo mota in an ga ba daɗi. Yaya ta yi ta ba daɓen ruwa safe da yamma har ya ƙanƙame, ta lulluɓe shi da tsofaffin buhuna, ko kaza ba ta yarda ta taka ba. Masu haɗa rumfa suka zo, kowane ginshiƙi ya faɗa kan notinsa. Ruwan farko ya sauka a kan kwano, kujeru a ciki, Inna a ɗakinta tana ƙorafin cewa rufin ya cika surutu.

Motar dai ba ta zo ba. Masu dawo da kujeru kuwa sun shiga uku. In mutum ya ja kujera a ƙasa, sai ya ji daga inuwa, "Kai, ta ubanka ce? Ɗaga ta!" Yaya ta ce tun da Inna ta zauna a wurin, ba a sake kawo mata karyayyiya an ce haka aka gan ta ba.

Zuwana na ƙarshe don in ɗauki sheburina ne da na manta, in kuma sa wa layin da ƙofar rumfar ke gudu a kai mai. Na same ta ta tura ƙofar gefe, ta zaro kujera daga kan tuli. Ta ajiye ta a daɓe, ta danna da hannu biyu ta ji ƙafafun, ta mayar. Ta zaro wata ta danna, wannan ta yi. Ta goge ta da bakin mayafinta, ta kai ta inuwa gindin taga, ta ɗan juya ta yadda za ta kalli ƙofar gida sosai, sannan ta shiga ta fito da Inna.