Mai Karanta wa Sheme Jarida

Har gobe ban manta da ranar da na kai wa Malam Isiyaku takardar gyara ba. Lokacin ina wakilin wata jarida mai fita mako-mako, ina kula da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Malam Isiyaku tsohon malamin firamare ne a Sheme. Duk ranar da jarida ta iso, manoma kan taru a ƙofar gidansa bayan la'asar ya karanta masu, daga shafin farko har na ƙarshe. Abin da ya fito daga bakinsa ba a musu da shi.

Wata damina na rubuta cewa ana zargin wani ɗan siyasa da karkatar da takin manoma. Mutum biyu suka gaya mini, ba takarda, ba komai. Ni a wautata na ɗauka "ana zargi" ta isa kariya. Malam ya karanta, wani ya naɗi muryarsa a waya, kafin mako ta zaga ƙananan hukumomin uku.

Ɗan siyasar ya ce an ɓata masa suna, zai kai ƙara. Lauyanmu ya zaunar da ni ya ce, "A wurin doka, wanda ya maimaita zargi daidai yake da wanda ya ƙirƙira, sai in zai iya tabbatarwa. Za ka iya?" Shaiduna biyu suka kashe waya. Muka buga ban haƙuri, layi huɗu a shafin ciki, aka ƙyale mu.

Malam kuwa ba a ƙyale shi ba, don muryarsa jama'a suka ji. Aka kai masa sammaci. Dattawa suka shiga tsakani, aka janye bisa sharaɗin ya tsaya gaban mutanen nan ya ce ƙarya ya faɗa.

Ni na miƙa masa gyaran, ya karanta. Da ya gama ya dube ni.

"Ɗana, abin da ka rubuta na hwaɗi. Ko wasali ban ƙara ba. Ashe kai ma ba ka da tabbas?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bayan kaka na kai masa sabuwar jarida. Ya ce in bari, idonsa ya daina gani. Alƙur'aninsa mai ƙananan baƙi yana buɗe a cinyarsa. Har ya rasu bai sake karanta wa kowa ba.

Shi ya sa nake matsa maku, ku sababbin wakilai, sai na ga hujja. Jarida tana da lauya. Mai karanta ta ba shi da komai sai yardar da ya yi da mu.