Tsohon da Ya Lashi Wuta

A shekarun da nake gyaran rediyo a bakin kasuwar Tanut, ba ni da gona, ba ni da ko akuya. Hannuna na dama ke ci da ni, sai wata tsohuwar na'urar awon wuta ta zamanin Faransawa da na saya a gwanjo a Damagaram. Da ita nake gano inda rediyo ke ciwo. Zafin Damargu ya busar da kwandansatocinta, wato gwangwanayen da ke tace mata wuta, har ta koma gurnani, allurarta sai rawa.

Wata ranar kasuwa sababbin gwangwanaye suka iso mini daga Kano. Na sa mata su, na tada injin wuta na gwada ta, na kashe, na cire babban gwangwanin na ajiye a kan tebur. Shegen abu ne, ko an kashe inji yana nan riƙe da wutarsa. Na juya neman wayar da zan sauke masa ita.

Sai ga wani dattijo makiyayi daga wajen Tarka, rungume da rediyonsa. Ɗansa, wani ƙato, ya tsaya waje yana ɗaure raƙumi. Mutanen daji ba sa yarda da pil, wato batir, sai sun ɗora ƙafafunsa biyu a harshe, in ya yi yaji to yana da rai. Tsoho ya ga gwangwani mai ƙafa biyu.

"Mai gyara, wannan babban pil ɗin yana da rai kuwa?"

"Baba, ajiye!"

Ina! Sai ƙara, tas! Ya faɗi ta baya, haƙoransa sun datse harshen, jini na bin gemunsa. Na durƙusa na tallabe masa kai. A haka ɗan ya shigo ya same ni, hannuna a wuyan ubansa, rigata duk jini.

"Ka kashe mini uba!"

Bai tambayi kowa komai ba. Sandar farko a kafaɗa ta same ni, ta biyu ta fasa mini goshi. Ina ihu ina cewa ya tambayi tsohon. Tsoho na ɗaga hannu yana son magana, ba abin da ke fita sai kumfa da jini, yaron kuwa sai ya ɗauka nuna ni yake yi. Na cusa hannuna na dama a ƙarƙashin ciki na kwanta a kansa, na bar masa bayana ya yi yadda ya ga dama. Ya sa ƙafa ya birkice ni, ya sauke sandar a kan hannun. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin.

Mahauta ne suka ɓamɓare shi daga kaina. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, wuyan hannun ya haɗu a karkace, yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi, don ko zagi bai taɓa haɗa ni da mutanen nan ba.

Bayan damina tsohon ya dawo janye da rago, maganarsa ta koma ta mai tsamin baki. Ya ce ɗansa kunya ta hana shi shigowa gari. Ya roƙi gafara, na ce Allah ya yafe mana. Sai ya kwance ƙullinsa, ya tura mini rediyon nan a gabana, don shi a ganinsa magana ta ƙare.

Na ɗauki ƙarfen dalma da nake liƙa waya da shi. Ya zame daga yatsuna ya faɗi ƙasa. Na sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Tsoho ya dubi hannun, ya daɗe yana dubansa.

Na ce, "Baba, kai shi Damagaram. Nan babu mai gyara."